Darbejiya, Garad da Tazargade: Suna Maganin Maleriya da Gaske?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne, ina zaune da iyalina a wani ƙauye kudu da Gadarif, a gabashin Sudan. Tun da yaƙin nan ya ɓarke magani ya yi tsada, wani lokacin ma ka je saidaliyya, wato shagon magani, a ce maka babu. Duk damina, in zazzaɓi ya kama mu, mahaifiyata takan dafa mana ganyen darbejiya da garad, wato bagaruwa, da tsamiya, kuma gaskiya muna samun sauƙi. Bana wani ya kawo mana tazargade, ya ce ai daga ita ake yin Coartem, don haka ba sai mun saya ba. Ɗana ɗan shekara 4 ya yi zazzaɓi, aka ba shi jiƙon kwana uku tare da ƙwaya biyu da suka rage a gida, ya tashi yana wasa. Bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo, yanzu ya rame, ba ya son abinci. Shin itatuwan nan suna maganin maleriya da gaske? In suna yi, nawa ake sha, kwana nawa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba yaro lafiya, ya saka wa Inna da alheri kan ɗawainiyar da take yi da ku. Abu uku kake tambaya: ko itatuwan da muka gada suna kashe maleriya, ko tazargade za ta iya tsayawa a madadin Coartem, ƙwayar maleriya ta asibiti, da kuma abin da ke damun yaronka. Zan fara da na ƙarshe saboda shi ne ba ya jira. A kai yaron nan a yi masa gwajin jini yau ko gobe, ko da sai an ci bashin kuɗin mota. Yaro ɗan shekara 4 da zazzaɓi ya dawo masa, ya rame, ya ƙi abinci, ba yaron jiƙo ba ne. Game da "nawa ake sha", babu wani ma'auni na darbejiya ko garad ko tazargade da zan iya ba ka in ce zai share maleriya daga jinin yaro, kuma duk wanda ya ba ka irin wannan ma'auni ƙirƙirarsa ya yi. Sai dai ba zan ce maka itatuwan banza ba ne, domin ba banza ba ne. Kowanne yana da abin da yake yi da abin da ba ya yi, wasu kuma suna da illar da mutane ba su sani ba.

Me ya sa jiƙo yake kama da ya yi aiki

Macen sauro ce ke zuba ƙwayar cutar a jini. Ƙwayoyin ba sa zama a jinin, hanta suke wucewa su yi kamar mako guda suna hayayyafa, mutum bai ji komai ba. Daga nan su fito su shiga jajayen ƙwayoyin jini. Nau'in da ya fi yawa a Sudan, wanda ake kira falsifarum, yana yin awa 48 a cikin ƙwayar jini, sai ta fashe, 'ya'yansa su watsu su kama wasu. Lokacin fashewar nan ne ake jin sanyi, a yi makyarkyata, jiki ya ɗau zafi, sannan gumi ya karyo, mutum ya ji ya dawo daidai. Wato zazzaɓin maleriya da kansa yake hawa da sauka, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Wanda aka ba jiƙo da magariba, ya yi gumi cikin dare, ya wayi gari da sauƙi, dole ya ce jiƙon ne. Alhali a cikin jininsa ƙwayoyin suna iya ninka kansu kusan sau 10 a duk kwana biyu.

Abu na biyu, ba duk zazzaɓi ne maleriya ba. Mura, ciwon maƙogwaro, zazzaɓin dengi da ya addabi Kassala da Gadarif a shekarun nan, duk suna zuwa da zafin jiki da ciwon gaɓɓai, kuma yawancinsu suna tafiya da kansu cikin mako guda. In aka sha darbejiya a kansu aka warke, darbejiya ce ke karɓar yabo.

Na uku, babban mutum da ya sha fama da maleriya tun yana yaro jikinsa ya saba yaƙi da ita zuwa wani mataki. Yana iya danne ƙwayoyin har zazzaɓi ya kwanta, ba tare da ya kawar da su ba. Kai da Inna kuna iya samun wannan. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba shi da shi, mai ciki ma nata yana raguwa. Kuma a gabashin Sudan maleriya ta damina ce, takan yi ƙarfi daga ƙarshen ruwa zuwa kaka, ta lafa a rani, don haka ko manya ba su da irin sabon da mutanen ƙasashen da sauro ke cizo duk shekara suke da shi. Shi ya sa a nan ake ganin ƙato mai ƙarfi ya faɗi da maleriya mai tsanani.

Maganar tazargade da Coartem

Wanda ya kawo muku tazargade ya faɗi rabin gaskiya. Manyan magungunan maleriya biyu daga tsiro suka fito. Kinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka aka ciro shi, wasu masana biyu 'yan Faransa suka tace shi a 1820. Atemisinin, wanda daga shi ake yin ɗaya daga cikin sinadarai biyu na Coartem, daga wani ganye ne mai suna Artemisia annua, kuma wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da shi a farkon shekarun 1970, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Saboda haka babu mai ilimin magani da zai raina ganye. Amma ka lura da yadda ta yi nasara. Da farko tafasawa suke yi, sakamakon yana zuwa yau da kyau gobe babu. Sai da ta koma wani tsohon littafin likitancin Sin wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, ta fahimci zafi na iya ɓata sinadarin, ta canza hanyar tacewa zuwa mai ƙarancin zafi. Tukunyar da ke tafasa a murhu awa guda tana cikin abin da ke rage ƙarfinsa.

Akwai matsaloli huɗu tsakanin ganyen da ke hannunku da ƙwayar saidaliyya. Ta farko, ba ka da tabbacin ganyen nan shi ne. Dangin Artemisia suna da yawa, ƙamshinsu da ɗacinsu sun yi kama. Abin da masu kayan attara, wato kayan ƙamshi da na gargajiya, ke sayarwa da sunan shih ɗan dangin ne amma ba shi ba ne, kuma sunan tazargade ana kiran ganye fiye da ɗaya da shi a kasuwa. Yawancin dangin ba su da atemisinin, ko suna da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ta biyu, ko da ainihin ganyen ne, yawan sinadarin yana bambanta ƙwarai gwargwadon iri, da ƙasar da aka shuka shi, da lokacin girbi, da yadda aka shanya aka ajiye. Wani ganyen yana da kusan kashi 1 cikin 100, wani bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, kuma ido ba ya bambanta su. An auna wannan a Jamus a 2004: shayin da aka yi da giram 9 na busasshen ganye mai kyau a lita ɗaya ta ruwa ya ba da miligiram 94 da ɗoriya na atemisinin, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake ba babban mutum a rana in da atemisinin kaɗai ake yi masa magani. A gwajin da aka yi wa marasa lafiya a gabashin Kwango a wannan lokacin, shayin ya sauke zazzaɓi da sauri, kusan uku cikin huɗu sun yi kamar sun warke a kwana na bakwai, amma da yawansu cutar ta dawo musu cikin makonni kaɗan. Ka ga irin abin da ya faru da ɗanka ke nan.

Ta uku ita ce ta fi muhimmanci. Atemisinin yana kisa da sauri, amma ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awoyi ya fita. Shi ya sa Coartem sinadari biyu ne a ƙwaya ɗaya. Atimita, wanda ake yi daga atemisinin, yana yin aikin masu yankan dawa, ya kwashe mafi yawa cikin kwana uku. Lumefantirin shi ne mai kala, yana zama a jini kwanaki bayan an gama shan magani, yana tsince abin da ya rage. Ganye ba shi da mai kala. 'Yan ƙwayoyin da suka tsira ba su kai su kawo zazzaɓi ba, sai su ci gaba da ninkuwa a ɓoye, bayan mako biyu ko uku su sake kai yawan da zai kwantar da yaro.

Ta huɗu ta shafi kowa, ba gidanka kaɗai ba. In ana ba ƙwayar cuta magani kaɗan-kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba, masu taurin cikinsu ne ke tsira su yaɗu. Haka muka rasa kulorokwin, har Sudan ta daina amfani da shi a matsayin maganin farko a 2004. Yanzu an tabbatar da maleriyar da ta fara jure wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Tanzaniya da kuma Eritiriya, wadda iyakarta ke nan kusa da mu. Saboda waɗannan dalilai ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsaya a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan ganyen Artemisia, ko shayi ko gari ko kafso, don magani ko rigakafin maleriya.

Itatuwan da ke tukunyar Inna, da waɗanda bai kamata su shiga ba

Darbejiya, wadda ake kira nim a nan, wasu kuma dogon yaro ko maina, an yi bincike a kanta sosai. Wani masanin Sudan, Farfesa Sami Khalid, yana cikin waɗanda suka fitar da wani sinadari daga cikinta mai suna gedunin a ƙarshen shekarun 1980, aka ga yana kashe ƙwayar maleriya a kwalbar gwaji. Sai dai kwalba daban, jikin mutum daban. Kafin abu ya yi aiki a jiki sai hanji ya tsotse shi, ya tsallake hanta, ya kai wani yawa a jini, ya kuma daɗe a wurin. Ɗaruruwan tsirrai sun ci jarrabawar kwalba sun faɗi a nan. Abin da za a iya cewa game da ruwan darbejiya shi ne yana iya rage zafin jiki da ciwon gaɓɓai kaɗan. Illarsa kuma, yana iya sauke sukarin jini, alhali maleriya da kanta tana sauke sukari ga yara da masu ciki, kuma saukar sukari na kawo suma da jijjiga. Man 'ya'yan darbejiya kuwa kada a kuskura a ɗura wa yaro ko cokali ɗaya. An sha ganin jarirai a Indiya da Maleshiya da aka ba su shi suka kama amai da jijjiga, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wasu suka rasu. Mai ciki ma ta nisanci darbejiya ta sha.

Garad, wato bagaruwa, maganin maƙogwaro ne da tari da gudawa, kurkure baki da shi yana da amfani. Baurin nan nasa mai ɗaure harshe, wanda majema ke jima da shi, yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi. Yaron da maleriya ta riga ta cinye wa jini ba ya buƙatar a yi ta ɗura masa garad.

Tsamiya da karkade, wato zoɓo, da ruwan gongolez, 'ya'yan kuka, su ne na fi yarda da su, amma a matsayin abin sha. Suna mayar da ruwan da gumi ya kwashe, suna buɗe baki, in an sa sukari suna riƙe yaron da ya ƙi abinci. Ko su ma akwai inda za a kula. Wani bincike da aka yi a nan Sudan aka buga a 1994 ya nuna cewa shan kulorokwin tare da aradeb, wato tsamiya, ko karkade ko lemun tsami yana rage yawan maganin da ke shiga jini ƙwarai. Kulorokwin ya wuce, amma darasin yana nan: a haɗiye ƙwaya da ruwa ko madara, a bar tsamiya sai bayan awa biyu. Ruwan girif, babban lemun nan mai ɗaci da ake yawan matsa wa mai zazzaɓi, shi kuma a ajiye shi gaba ɗaya har a gama Coartem, domin yana hana jiki sarrafa maganin yadda ya kamata.

Sassaƙen maɗaci yana da ɗaci, ɗacin ne kuma ke sa mutane su gaskata shi, don an saba cewa kinin ma ɗaci gare shi. Ɗaci ba shaida ba ce. Sanamaka, filasko ke nan, wankin ciki ne kawai. Ba ya fitar da maleriya ta bayan gida, domin cutar ba a hanji take ba, sai dai ya ƙara wa mai zazzaɓi rashin ruwa.

Wanda nake so ka gane shi da ido ka kuma hana shi shiga gidanka shi ne um galagil, ɗan'uwan abin da ake kira gaɗaukuka ko maɗacin ƙasa a ƙasar Hausa. Yana yaɗo a ƙasa a baƙar laka irin ta gonakinmu, ganyensa mai siffar zuciya ne da ɗan toka-toka, furensa kamar ƙaramin bututu mai lanƙwasa, bakinsa ja mai duhu, kuma ɗacinsa ya wuce misali. Ana ba da shi don maleriya da harbin kunama. Yana ɗauke da wani sinadari mai lalata ƙoda wanda ba ta gyaruwa bayansa, yana kuma jawo kansar mafitsara da hanyar fitsari. An gano haka ƙarara a Beljiyam a farkon shekarun 1990, lokacin da mata da dama suka rasa ƙodarsu bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa ɗan wannan dangi a ciki. Mugun abin shi ne illar ba ta fitowa a ranar, sai bayan watanni ko shekaru, lokacin da ba mai tuna jiƙon da aka sha. In ana sayo garin haɗi a ƙulle a leda, ba a san abin da ke ciki ba, to wannan yana iya kasancewa a ciki.

Sirace kuma, a lulluɓe yaro da bargo a kan tukunya mai tururi, yana ƙara wa jikin da ya riga ya yi zafi wani zafin. Ga haɗarin jijjiga, ga na ƙuna. Babba mai mura ya yi in yana so, amma ban da yaro mai zazzaɓi.

Don adalci, akwai inda aka gwada ganye a kan mutane da tsari mai kyau. A kudancin Mali an gwada dafaffen ganyen wata ciyawa mai ƙaya da rawayan fure, Argemone mexicana, aka kwatanta ta da maganin asibiti. Yawancin manya da yaran da suka wuce shekara 5 sun samu sauƙi, amma mafi yawansu ƙwayar cutar ba ta bar jininsu gaba ɗaya ba. Mutane ne masu sabo mai ƙarfi da cutar, ana kuma bibiyarsu, da maganin asibiti a gefe ga duk wanda ya ƙi sauƙi. 'Ya'yan ciyawar guba ne. Wannan shi ne kusan mafi kyawun abin da ganye ya nuna, kuma bai kai a jingina ran yaro a kansa ba.

Abin da za a duba a jikin yaronka

Ba zan iya gane cutarsa daga nesa ba, amma ga abin da ya fi kusa. Ƙwaya biyu da jiƙo sun danne maleriyar ba su kashe ta ba, ta dawo, kuma duk kwanakin nan tana fasa masa jini. Ka buɗe tafin hannunsa ka gwada da naka, ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba. In sun yi fari, jininsa ya yi ƙasa, a nemi a auna jinin tare da gwajin maleriya. In akwai wurin da ke da madubin likita, a fi son a duba jini a gilashi, domin gwajin nan na tsinke, wanda ake ce wa ICT, yana iya ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke, kuma a yankin nan namu akwai ƙwayoyin maleriya da wasu nau'o'insa ba sa gani. Ka gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da aka ba shi, ganye da ƙwaya, kada ka ɓoye don jin kunya. Shi ne zai yanke ko a ba shi cikakken Coartem ko magani na biyu da ake ajiyewa don wadda ta dawo.

Akwai nau'in maleriya na biyu a gabashin Sudan, baibaks, wanda ke kwanciya a hanta ya farka bayan makonni ko watanni. Shi yana buƙatar ƙarin magani mai suna firimakwin, yawanci na kwana 14, wanda ba a ba mai ciki ko jariri, kuma yana fasa jinin wasu mutane masu wani rauni na gado, don haka ba a sayensa da ka. In fitsari ya yi baƙi ana cikin shansa, a tsaya a koma asibiti.

Tun da kudancin Gadarif kake, dole in ambaci cutar kala'azar. Yankinku yana cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Alamarta zazzaɓin da ya wuce mako biyu, rama, farin jini, da saifa da ta kumbura ana jinta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In gwajin maleriya bai nuna komai ba, ko an sha cikakken magani zazzaɓi bai tafi ba, ka nemi gwajinta da bakinka. Tana warkewa da allurai, in an bar ta kuma kisa take yi.

Yadda ake shan maganin, da inda ake kuskure

Coartem na yau da kullum da nauyi ake ba da shi, ba da shekaru ba. Daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya 1 a kowane sha. Daga 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya 2. Daga 25 zuwa ƙasa da 35, ƙwaya 3. Daga kilo 35 zuwa sama, ƙwaya 4. Ɗan shekara 4 yakan faɗo daidai kan iyakar kilo 15, saboda haka a ɗora shi a sikeli, ko na mai sayen hatsi ne. Akwai kuma kwalin manya mai ƙarfin ƙwaya huɗu a ƙwaya ɗaya, a karanta kwali kafin a ba yaro. Sau 6 ake sha cikin kwana 3: na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. Kowane sha a haɗa shi da madara, ko nono, ko abinci mai maiƙo kamar kunun gyaɗa, domin lumefantirin ba ya shiga jini sosai in ciki babu maiƙo. In yaro ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi, sannan a nemo cikon abin da ya zube.

Kuskuren da muka fi gani a wajen aiki shi ne a tsaya a kwana na biyu don yaro ya tashi, a ɓoye sauran don wani lokaci. Ƙwaya biyun da kuka samu a gida daga irin wannan suka fito, ma'ana wani a gidan bai gama nasa ba. Na biyu shi ne son hugna, wato allura: a yi allurar atimita ɗaya ko biyu a gida a ce an gama. Allura ta mai maleriya mai tsanani ce ko wanda ba ya iya haɗiya, kuma ko an yi ta dole a biyo ta da cikakken Coartem na kwana uku.

Don zafin jiki, farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, duk awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini. A rage masa kaya, a shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi. Kada a ba yaro asfirin, kuma a guji ibufurofen da diklofenak muddin ba a tabbatar ba dengi ba ce, saboda suna iya jawo zubar jini. In babu gishirin asibiti na leda, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Alamomin da in an ga ɗaya ba a kwana a gida: jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa, rashin iya zama ko sha, amai duk abin da ya shiga, numfashi da sauri ko da ƙyar, idanu rawaya, fitsari baƙi ko ƙarancinsa. Waɗannan na allurar atesunet ne a asibiti. In tafiyar mai nisa ce, ka tambayi ma'aikacin lafiyar ƙauye ko yana da atesunet na matsawa ta dubura, wanda ake sa wa yara 'yan ƙasa da shekara 6 don ya riƙe su a hanya. Riƙewa kawai yake yi, tafiyar tana nan. Yaro mai sikila da mace mai ciki kuwa, ranar da zazzaɓi ya fara ranar ake kai su.

Na san matsalar gaskiya ita ce kuɗi da hanya, musamman in ruwa ya sauka laka ta rufe hanyar mota. Dabarar da ta fi ita ce a sayi magani tun kafin damina, lokacin da kuɗin riɗi ko dawa ke hannu: cikakken kwali ɗaya daidai nauyin kowane yaro, daga saidaliyya mai lasisi, a duba ranar lalacewa, a ajiye a inuwa inda ba zafi, ba cikin akwatin ƙarfe a ɗakin kwano ba. A fara tambaya a cibiyar lafiya ta gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji, don sau da yawa gwaji da maganin maleriya kyauta ne in akwai su. In zazzaɓi ya kama yaro a tsakiyar damina, babu halin gwaji a ranar, gara a fara cikakken Coartem a gama shi da a zauna jiran jiƙo. In bayan kwana biyu babu sauƙi, to a kama hanya ko ta halin ƙaƙa.

In kana da jariri, ka tambayi masu rigakafi game da allurar rigakafin maleriya. An fara ba da ita a Sudan a watan Nuwamba na 2024, kuma jihohin Gadarif da Bulu Nayil aka fara da su. Sau huɗu ake yi, tana rage yawan kamuwa da tsananin cutar, amma ba ta ɗauke buƙatar gidan sauro ba. Masu kwana a tsakar gida su kafa sanda huɗu a ƙafafun gado su ɗaura shi, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Hayaƙin ganyen darbejiya yana korar sauro na ɗan lokaci da magariba, sauron maleriya kuwa cikin dare yake aikinsa, bayan wuta ta mutu.

Game da Inna, kada ka je mata da cewa maganinta ba ya aiki, ba za ta ji daɗi ba, kuma ba ita ce da laifi ba. Ka roƙe ta ta ci gaba da jiƙa tsamiya da gongolez, ta dama kunun gyaɗar da za a sha ƙwaya da shi, ta kuma riƙe lissafin sha shida ɗin nan, don tsofaffi sun fi mu kiyaye lokaci. Ka nemi alfarma ɗaya a wurinta: kada darbejiya, ko tazargade, ko wani garin da ba a san asalinsa ba ya shiga bakin yara da masu ciki. In za ku tafi asibiti da yaron, ku ɗauki ragowar tazargaden da kwalin ƙwayar da aka ba shi ku nuna wa wanda zai duba shi.